Me Ranar Fentikos Take Nufi a Ruhaniya?

Tambaya: Kowace shekara ana sanar da mu cewa Lahadi mai zuwa ita ce Fentikos, ranar haihuwar ikkilisiya. Na san labarin iska da harsunan wuta, amma ban gane abin da ranar take nufi ga rayuwata ba. Wasu ma suna cewa ranar magana da harsuna ce kawai. Mene ne ma'anarta ta ruhaniya, kuma yaya ya kamata a kiyaye ta?

Amsa: Ɗan'uwa, ga tushen maganar tun kafin mu yi nisa. Fentikos ita ce ranar da Allah ya cika alkawarin da ya daɗe yana yi ta bakin annabawa, cewa zai zauna a cikin mutanensa ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Kafin wannan rana, wanda yake neman wurin da Allah ya sa sunansa sai ya nufi Haikali a Urushalima. Daga wannan rana, mazaunin ya zama mutane. Iska da wuta da harsuna da mutum dubu uku da aka yi wa baftisma, duk rassan wannan itace ne. In ka riƙe wannan da kyau, ba za ka ɓata a sauran ba.

Sunan kansa ya girmi ikkilisiya. Kalmar Helenanci ce, ma'anarta "na hamsin", wato kwana na hamsin. Yahudawa sun daɗe suna wannan idi, suna kiransa Idin Makonni, Shabuwot da Ibrananci. Umarninsa yana Littafin Firistoci 23:15-21. A lokacin Idin Ƙetarewa, kashegarin Asabar, firist yakan kaɗa damin nunan fari na sha'ir a gaban Ubangiji. Daga ranar sai a ƙirga mako bakwai cif, kwana na hamsin kuma a kawo sabuwar hadaya ta alkama. Idin girbi ne, ɗaya daga cikin idi uku da aka wajabta wa mazajen Isra'ila su hallara a gaban Ubangiji kowace shekara. Shi ya sa Urushalima ta cika maƙil da baƙi a safiyar da Luka ya ba da labarinta a Ayyukan Manzanni sura 2. Bulus ya kira Almasihu da ya tashi daga matattu "nunan fari" a 1 Korintiyawa 15:20. Dami na farko ke nan. Bayan kwana hamsin sai girbin ya fara shigowa rumbu, girbin kuwa mutane ne.

Akwai wani ɗan abu a hadayar wannan idi da ya kamata a tsaya a kansa. A Idin Ƙetarewa ana fitar da yisti daga gidaje gaba ɗaya, ba a cin gurasa sai marar yisti. Amma a Idin Makonni, abin da aka ce a kawo shi ne gurasa biyu ta lallausan gari, kashi biyu cikin goma na efa, wato ma'aunin hatsi na lokacin, waɗanda aka toya da yisti. Ka ɗauka kana kallon firist yana riƙe da su a tafin hannu yana kaɗawa: gurasa ce irin ta gida, wadda ta kumbura, irin wadda ake ci kullum. Nassi bai faɗi fassarar wannan ba, amma masu wa'azi da yawa sun ga hoton ikkilisiya a ciki, kuma a ganina hoton ya dace. Mutanen da Ruhu ya sauko musu ba tatattu ba ne. A cikinsu akwai wanda ya yi mūsun Ubangijinsa, akwai mai shakka, akwai waɗanda suka yi ta gardamar wa zai zama babba. Sannan aya ta 22, wadda take manne da umarnin idin, ta hana mai gona girbe gefen gonarsa ko komawa kala. A bar wa matalauci da baƙo. Tun asali ba a raba wannan idi da haƙƙin mabukaci ba.

Daga baya Yahudawa suka haɗa idin da tunawa da ba da Shari'a a Dutsen Sinai, domin Fitowa 19:1 ta ce a wata na uku bayan fitowa daga Masar suka isa jejin. A Sinai an yi ƙara mai ƙarfi, Ubangiji ya sauko cikin wuta, aka rubuta umarnai a allunan dutse. Musa bai ko sauko ba jama'a suka ƙera ɗan maraƙi na zinariya, kuma Fitowa 32:28 ta ce wajen mutum dubu uku suka mutu a ranar. A Fentikos ma an ji ƙara, an ga wuta, wajen mutum dubu uku kuma suka sami rai. Matsalar Sinai ba a Shari'ar take ba, Shari'a mai tsarki ce. Matsalar ita ce umarnin yana waje, zuciya kuwa tana nan yadda take. Irmiya 31:33 ya yi alkawarin rubuta Shari'a a zukata, Ezekiyel 36:26-27 kuma ya faɗi yadda za a yi: a cire zuciyar dutse, a ba da ta nama, Allah ya sa Ruhunsa a ciki har mutum ya bi umarnansa. Wannan ita ce ma'ana ta farko da ta shafe ka kai tsaye. Biyayyar Kirista ba ta farawa daga ƙarfin niyya, tana farawa daga sabon so da Ruhu yake dasawa. Wanda ya gaji da yi wa kansa alkawarin daina wani zunubi yana karyawa, Fentikos albishirinsa ce.

Yanzu ga yadda abin ya auku. Bayan tashinsa, Yesu ya yi kwana 40 yana bayyana ga almajiransa. Kafin a ɗauke shi sama ya ce kada su bar Urushalima, su jira alkawarin Uba. Ka lura da wannan: mutanen nan sun ga kabari babu kowa, sun ci abinci tare da shi, sun ji koyarwarsa daga bakinsa, an kuma riga an ba su aikin. Duk da haka aka ce su dakata. Sanin gaskiya bai isa ya mai da mutum mashaidi ba. Su wajen 120 ne, har da mata, da Maryamu uwar Yesu, da 'yan'uwansa. Abin da suka yi a kwanakin nan goma ba shi da yawa: sun nace da addu'a da zuciya ɗaya, sun bincika Zabura, sun cike gurbin Yahuza da Matiyas. Babu wata dabara da suka yi ta jawo Ruhu. Ya zo ne farat ɗaya, daga sama, a ranar da Allah ya ƙayyade, suna zaune a cikin gida.

Luka ya yi taka-tsantsan da kalmominsa. Bai ce iska ta hura ba, ya ce an ji ƙara kamar ta iska mai ƙarfi. Bai ce wuta ta kama ba, ya ce an ga harsuna kamar na wuta. A Ibrananci kalma ɗaya ce, ruwak, take nufin iska da numfashi da ruhu. Kalmar "ruhu" da muke faɗa ma danginta ce, ta hanyar Larabci. Saboda haka Bayahuden da ya ji wannan ƙara zai tuna da Allah yana hura numfashin rai a hancin Adamu, ya tuna da kwarin busassun ƙasusuwa na Ezekiyel 37, inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, jijiya da nama da fata suka rufe, amma suna kwance har sai da numfashi ya shige su. Ikkilisiya tana iya samun duk gaɓoɓinta, shugabanni da tsari da gini da mawaƙa, ta kasance a kwance. Sai dai a kiyaye: Ruhu Mai Tsarki ba iska ba ne, ba kuma wani ƙarfi marar fuska ba. Yana magana, yana koyarwa, yana aikowa, ana iya ɓata masa rai, ana iya yi masa ƙarya kamar yadda Hananiya da Safiratu suka yi. Majalisar Kustantiniya ta shekara ta 381 ta tabbatar da wannan a Shaidar Bangaskiya, ta kira shi Ubangiji, Mai ba da rai, wanda ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa.

Wutar ce ta fi nuna zuciyar ranar. A Tsohon Alkawari, duk inda Allah ya karɓi wuri ya zama mazauninsa, wuta takan shaida. An gan ta a kurmin da Musa ya tsaya, an gan ta bisa alfarwa ta sujada da dare. Da Sulemanu ya gama addu'ar keɓe Haikali, 2 Tarihi 7:1 ta ce wuta ta sauko daga sama, ɗaukakar Ubangiji ta cika ɗakin. A Fentikos wutar ba ta sauka a kan bagade ba. Ta rarrabu, ta zauna a kan kowannensu. Kowannensu, ɗan'uwa. A dā Ruhu yakan sauko wa alƙali ko sarki ko annabi domin wani aiki, yana kuma iya rabuwa da mutum, kamar yadda ya rabu da Saul. Abin da ya sa Dawuda ya yi kuka a Zabura 51 kada a ɗauke masa Ruhu ke nan. Musa kuwa, da aka kawo masa ƙarar Eldad da Medad suna annabci a zango, sai ya ce da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne. Burin Musa ne ya cika a wannan safiya, kuma Bitrus ya ɗauko Yowel ya bayyana faɗinsa: 'ya'ya maza da mata, samari da tsofaffi, bayi maza da kuyangi. Ba jinsi, ba shekaru, ba matsayi da ya tsare ƙofa. Daga nan Bulus ya samo ƙarfin ce wa Korintiyawa, duk da rigingimunsu, su haikalin Allah ne, jikin kowannensu kuma haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Wuta tana haskakawa, tana ɗumamawa, tana kuma cinye dattin da ke jikin ƙarfe. Wanda ya roƙi Ruhu ya shirya wa ukun duka.

Hausa ta taimake mu a nan, domin "harshe" a bakinmu yana nufin tsokar da ke baki, yana nufin yare, kuma muna cewa harshen wuta. Kalmar da Luka ya yi amfani da ita ma haka take ɗauke da tsoka da yare. Harsunan wuta suka sauko, harsunan mutane suka buɗe. Abin da suka yi magana da shi yaruka ne sanannu, domin baƙin da suka taru daga wajen Farisa da Mesofotamiya, da Asiya Ƙarama, da Masar da Libiya, da Roma, da Karita da ƙasar Larabawa, kowa ya ji manyan ayyukan Allah da yaren da aka haife shi a ciki. Sau uku Luka ya maimaita cewa sun ji. Yawancinsu za su iya gane Helenanci ko Aramiyanci, ba lallai ne a yi mu'ujiza don saƙon ya isa ba. Allah ne ya ga dama ya yi wa kowa magana da harshen uwarsa. An saba cewa Fentikos ta warware abin da ya faru a hasumiyar Babila, a Farawa 11, kuma gaskiya ne, amma a duba yadda ta warware shi. A Babila mutane masu yare ɗaya suka haɗa kai don su yi wa kansu suna, aka dagula harshensu suka watse. A Fentikos ba a mai da kowa yare ɗaya ba. Yarukan suna nan da yawansu, sai dai an ji juna, kuma sunan da ake ɗaukakawa na Allah ne. Shi ya sa ikkilisiya ba ta da wani harshe guda da aka ce sai da shi Allah yake jin addu'a, shi ya sa fassara Littafi Mai Tsarki aikin Fentikos ne. Ikkilisiyar da take raina wani yare ko wata kabila tana bikin ranar da baki tana rushe ta da hannu.

Wasu a taron suka yi ba'a, suka ce sun sha sabon ruwan inabi ne. Bitrus ya miƙe tare da sha ɗayan nan ya ce ai yanzu ƙarfe tara na safe ne. Wannan shi ne mutumin da makonni bakwai da suka wuce, yana jin ɗumi a farfajiyar babban firist, wata baranya ta dube shi ya ce bai san Yesu ba. Yau yana tsaye a birnin da aka gicciye shi yana ce wa taro ku ne kuka kashe shi, Allah kuwa ya tashe shi. Karanta wa'azin da kanka a Ayyukan Manzanni sura 2, daga aya 14 zuwa 36, za ka ga wani abin mamaki: a ranar Ruhu Mai Tsarki, yawancin wa'azin a kan Yesu yake. Rayuwarsa, mutuwarsa, tashinsa bisa Zabura 16, zamansa a hannun dama bisa Zabura 110, da kammalawa cewa Allah ya mai da shi Ubangiji da Almasihu. Haka Yesu ya faɗa a Yahaya 16:14, cewa Ruhu zai ɗaukaka shi. Wannan ma'auni ne da ba ya kuskure. Duk taron da aka tashi ana yabon mai wa'azi ko ana labarin abin da aka ji a jiki, amma ba a ƙara sanin Almasihu ba, a sake dubawa.

Jama'ar da maganar ta soki zuciyarsu suka tambayi abin da za su yi. Amsar tana Ayyukan Manzanni 2:38: ku tuba, a yi wa kowannenku baftisma cikin sunan Yesu Almasihu domin gafarar zunubai, za ku karɓi baiwar Ruhu Mai Tsarki. Baiwa ce, kyauta. Aya 39 kuma ta miƙa alkawarin ga 'ya'yansu da dukan na nesa, mu ke nan.

Batun "ranar haihuwar ikkilisiya" kuwa, maganar tana da kyau in an fahimce ta. Allah yana da jama'a tun daga Ibrahim, Yesu ya riga ya kira goma sha biyu, kuma a yammacin ranar tashinsa ya hura musu ya ce su karɓi Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda Yahaya 20:22 ta nuna. Jariri yana da rai tun yana ciki, amma ranar haihuwa ce yake shaƙar iska, ya yi kuka, duniya ta gan shi. Haka ikkilisiya ta fito fili a Fentikos. Kamannin jaririn kuma suna Ayyukan Manzanni 2:42: sun nace da koyarwar manzanni, da zumunci, da gutsuttsura gurasa, da addu'o'i. Suka riƙa sayar da mallakarsu suna raba wa kowa gwargwadon bukatarsa. Gefen gonar nan na Littafin Firistoci ne ya dawo. Kada kuma a ɗauka komai ya kammala a rana ɗaya. Duk waɗanda suka tuba a ranar Yahudawa ne ko waɗanda suka shiga addinin Yahudawa. Samariyawa sai a sura 8, al'ummai sai a gidan Karniliyas a sura 10, kuma a sura 6 har an fara gunaguni cewa ana mantawa da gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Maganin da aka yi shi ne zaɓen mutum bakwai cike da Ruhu da hikima su kula da rabon. Rabon abinci cikin adalci ma sai da cikar Ruhu.

To, mece ce alamar cewa Ruhu yana cikinka? Afisawa 1:13-14 ta ce da ka ji bishara ka gaskata, an buga maka hatimi da Ruhu, shi ne kuma kafin alƙalamin gādonmu. Wanda ya ba da kafin alƙalami ya ɗaure kansa zai cika sauran. Romawa 8 ta ce wanda ba shi da Ruhun Almasihu ba nasa ba ne, ta ce Ruhu yana sa mu kira Allah Uba, yana kuma roƙo dominmu sa'ad da kalmomi suka ƙare mana. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa abin da yake haifarwa: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamunkai. Ɗan itace ba ya nuna a dare ɗaya, amma mutanen gidanka za su riga ka gani.

A kan magana da harsuna Kirista sun bambanta, kuma ya kamata a faɗa da adalci. Ikkilisiyoyin Fentikostal, waɗanda farkawar Titin Azusa a Los Angeles ta shekara ta 1906, ƙarƙashin William Seymour, ta yaɗa tafiyarsu a duniya, da yawansu suna koyar da cewa akwai baftismar Ruhu bayan tuba, alamarta ta farko kuma harsuna. Wasu ikkilisiyoyi suna cewa mai bi yana karɓar Ruhu tun daga tuba da baftisma, sannan ya riƙa cika a kai a kai. Ko wane ɓangare mutum yake, akwai iyakokin da Bulus ya kafa. A 1 Korintiyawa 12:30 ya tambaya ko duka ne suke magana da harsuna, amsar da yake jira kuwa a'a ce. A sura 14 ya ce kada a hana, amma a taro mutum biyu ne, in sun yi yawa uku, ɗaya bayan ɗaya, da mai fassara. In babu mai fassara a yi shiru, mutum ya yi tsakaninsa da Allah. Ya ce gara ya faɗi kalma biyar da za su koyar da wasu da ya faɗi dubu goma da ba a ganewa. Inda abin yake lalacewa shi ne a tsayar da mutum a gaban jama'a a ce ya maimaita wasu sautuka har ya "samu". Wanda ya kwaikwaya ya koma gida da nauyin ƙarya, wanda ya ƙi ya koma yana zaton Allah ya ƙi shi. Mafi muni shi ne a haɗa baiwar da kuɗi. Siman mai sihiri ya gwada haka a Samariya, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Akwai kuma kuskuren ɗaya gefen, wanda ba a cika magana a kansa ba: tsoron hargitsi ya sa a mai da Fentikos darasin tarihi, a karanta, a rufe littafi, ba wanda ya roƙi komai. Bulus ɗin da ya ce a yi kome bisa tsari shi ne ya ce kada a kashe wutar Ruhu.

Ga yadda ake kiyaye ranar. Lissafi tukuna: a ɗauki Lahadin Ista a matsayin kwana na ɗaya, kwana na 40 zai faɗo ranar Alhamis, ranar Hawan Yesu Sama, kwana na 50 kuma Lahadi ta bakwai bayan Ista. Masu fara ƙirga daga Litinin su ne suke zarcewa da kwana ɗaya. A kalandar Yamma ranar tana faɗowa tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni. A 2025 ta kasance 8 ga Yuni, a 2026 ranar 24 ga Mayu, a 2027 ranar 16 ga Mayu. Ikkilisiyoyin Otodoks suna lissafin Ista da tasu hanya, don haka sau da yawa tasu takan zo daga baya. Ikkilisiyar farko ta ɗauki kwanaki hamsin ɗin gaba ɗaya kamar idi ɗaya. Tertuliyan na Arewacin Afirka, wajen shekara ta 200, ya ambace su a matsayin lokacin murna da ya dace da baftisma, Majalisar Nikiya ta 325 kuma ta ce a yi addu'a a tsaye cikinsu, ba durƙuso.

Shiri mafi kyau shi ne na almajiran: kwana tara na addu'a, daga Juma'ar da ke bin Hawan Sama zuwa Asabar. Fafaroma Leo na 13 ya umarci Katolika da wannan a 1897, amma kowane mai bi yana iya yi. Minti goma sha biyar a rana sun isa in an riƙe su. A kwana ukun farko a karanta Yahaya 14, 15 da 16, inda Yesu ya yi alkawarin Mai Taimako. A bi da Ezekiyel 36 da 37, da Yowel 2, da Romawa 8, da Galatiyawa 5, a rufe da Ayyukan Manzanni 1. Roƙon ya zama takamaimai: zunubin da za a bari, mutumin da za a sasanta da shi kafin Lahadi, wanda za a yi wa shaida. Luka 11:13 ta ba ka izinin roƙon a fili.

A sujadar ranar, karatun da aka saba su ne Ayyukan Manzanni 2:1-21, Zabura 104 musamman aya 30, 1 Korintiyawa 12:3-13, da Yahaya 20:19-23. In za a yi karatu da yaruka da yawa, a fara karanta nassin cikakke da yaren da kowa yake ji, sannan masu karatu su ɗauki aya ɗaya, kamar aya 21, bi da bi. In aka sake su duka lokaci ɗaya, abin da zai fito hayaniya ce, alhali mu'ujizar ranar ji ce. Baftisma ta dace ƙwarai, amma a fara koyar da masu neman ta makonni kafin ranar. Baikon ranar kuma ya dace a keɓe shi, ko rabinsa, ga gwauraye da baƙi da marasa hali, a kuma sanar da jama'a inda ya tafi. Ikkilisiyoyin Yamma masu bin kalanda suna sa jan tufafi don tunawa da wuta, na Otodoks kuwa kore, suna ƙawata masujada da ɗanyun rassa don tunawa da rai. Da yammacin ranar su Otodoks sukan durƙusa a karon farko tun Ista, su yi dogayen addu'o'i. A Yamma, Lahadin da ke biye ita ce ta Triniti, daga nan kuma sai dogon zangon da ke kaiwa har Zuwan Almasihu a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, kusan rabin shekara, wanda ikkilisiyoyi da yawa suke ƙirga Lahadinsa da suna "bayan Fentikos".